Naman waken suya na Nutrela: amfaninsa a tukunya da inda ya gaza wa yara

Gidan da ya daina cin nama, ko don tsada, ko don likita ya hana, ko don ra'ayi, matsalarsa takan fito ne lokacin ɗora miya: me za a jefa a ciki wanda haƙori zai kama? Wake narkewa yake yi, awara kuma idan ba ta soyu sosai ba sai ta farfashe ta bi ruwa. Busasshen naman waken suya na Nutrela, wanda ake samu a shagunan kayan abincin Indiya da wasu manyan kantuna, wannan gurbin ya zo cikewa. Yana cikewa kuwa, in an san hannunsa. Amma shi kaɗai ba zai riƙe yaro ba, kuma ba kowane lokaci ya fi awara sauƙin kuɗi ba.

Abin da ke cikin kwalin garin waken suya ne da aka tatse mansa, aka tura shi ta injin mai zafi da matsi har ya kumbura ya bushe, ya zama gutsattsari masu ramuka kamar soso. Kamfanin Ruchi Soya na Indiya ne ya fito da shi. Wani kamfanin Indiya, Patanjali, ya saye shi a 2019, aka sauya masa suna zuwa Patanjali Foods a 2022, don haka kada sabon sunan da ke jikin kwali ya sa a ɗauka jabu ne. Koren ɗigon da ke cikin koren murabba'i alama ce ta Indiya da ke nuna babu nama a ciki. Iri uku ne: manyan gutsattsari, ƙanana, da ɓarzajje mai kama da niƙaƙƙen nama.

A jikin kwalin an rubuta giram 52 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kowane giram 100. Gaskiya ne, amma lissafin busasshe ne, kuma ba wanda ke cinsa a bushe. Idan ya sha ruwa nauyinsa yakan ninka kusan sau uku, sai furotin ɗin ya dawo wajen giram 17 a giram 100 na abin da ke cikin faranti, ƙasa da na dafaffen naman sa. Hanyar da ta fi dacewa a auna tsadarsa ita ce a ɗauki kwalin giram 200, wanda ke ɗauke da furotin giram 104. Wannan daidai yake da kusan rabin kilo na ɗanyen tsokar sa marar kitse, ko ƙwai goma sha bakwai. A tambayi kuɗin rabin kilo a wurin mahauci da kuɗin ƙwan, a gwada da kuɗin kwalin a ranar. Da yake daga waje ake shigo da shi, farashinsa bin canjin kuɗi yake yi, ba bin kaka ba. Nama dai yakan fi shi tsada. Waken suyan gida kuwa, wanda ake nomawa a Binuwai da Kaduna ake auna shi da mudu a Dawanau, shi ne abokin gasarsa na gaske: ɗanyensa ma ya haura giram 35 na furotin a giram 100, ga mansa a jikinsa.

Yawancin masu cewa ba shi da daɗi, daga leda suka zuba shi cikin miya. Haka yake fitowa da gafin wake, waje ya yi laushi, ciki yana nan kamar roba. Ga yadda yake so. A tafasa ruwa kofi huɗu da gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a zuba kofi ɗaya na gutsattsarin, wato kamar giram 50, a bar shi minti biyar zuwa bakwai idan manya ne, minti uku idan ɓarzajje ne. Kumfar da ta taso a kwashe. A tsiyaye, a zuba ruwan sanyi, a matse da hannu sosai, a sake ruwa a sake matsewa, har sau biyu ko uku, sai ruwan ya daina fitowa da launin ƙasa-ƙasa. Wannan matsewar ita ce rabin aikin. Tana fitar da gafin, tana rage sinadaran sukarin wake da hanji ba ya iya narkarwa, waɗanda su ne ke kawo kumburin ciki da iska, sannan tana buɗe ramukan don su sha romo. Soson da ya cika da ruwa ba ya ɗaukar wani.

Bayan nan a cuɗe shi da dakakkiyar citta, tafarnuwa, albasa, ɗan yaji da daddawa, a bar shi minti goma sha biyar. Daddawa ce ta fi komai yi masa aiki, domin ita ke ba shi ƙamshin da nama ke ba miya. In babu ita, ɗanɗanonsa salam yake. A soya shi sama-sama a man gyaɗa cokali biyu har gefensa ya yi ja, sannan a jefa shi a miya minti goma kafin a sauke. Idan ya wuce rabin awa yana tafasa sai ya saki jiki ya yi yauƙi. A miyar dage-dage da dafa-duka da taushe yana zama daram. A miyar kuka da kuɓewa manyan ba sa kyau, santsi ya haɗu da santsi. Can ɓarzajjen ya fi, shi ne kuma na dambu da fate da cikin samosa. Kofi ɗaya busasshe ya ishi miyar mutum huɗu.

Wajen yara ne ake bukatar natsuwa. Furotin ba shi ne abin damuwa ba: yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku giram 13 yake bukata a rana, ɗan huɗu zuwa takwas giram 19, kuma wake da gyaɗa da gero da nono suna kai shi can ba tare da wahala ba. Babban cokali biyu na ɓarzajje, kamar giram 10 zuwa 15 a bushe, ya ishi ƙaramin yaro a ci ɗaya. A fara da ƙasa da haka, a ƙara a hankali cikin mako biyu, saboda cikinsa ya saba. Manyan gutsattsarin kada a ba yaron da bai kai shekara huɗu ba. Suna da tauri irin na roba, suna iya shaƙe shi. Idan an ga ƙuraje, kumburin leɓe ko amai bayan ya ci, a dakata a kai shi asibiti, domin waken suya yana cikin abincin da jikin wasu yara ba ya karɓa.

Abin da Nutrela ya rasa ya fi muhimmanci. Na farko mai: an tatse shi kusan ƙarƙaf, ga harza mai yawa, sai yaro ya ƙoshi da wuri alhali bai samu ƙarfin da jikinsa ke nema ba. Dole a ƙara man gyaɗa ko manja ko tunkuza a abincinsa. Na biyu bitamin B12, wanda babu shi a wake ko ganye ko hatsi. Ƙaramin yaro yana bukatar wajen maikirogiram ɗaya a rana, babban mutum 2.4, kuma rashinsa yana taɓa jini da jijiya da ƙwaƙwalwa, a ɓoye, sai ya yi nisa ake ganewa. Gidan da ke shan nono da kindirmo yana cin ƙwai a kai a kai yana da madogara. Wanda ya bar duk abin da ya fito daga dabba, tilas ya nemi ƙwayar B12 bisa shawarar likita, musamman mai ciki da mai shayarwa. Na uku sinadarin ayon, wato ƙarfen da jini ke bukata: akwai shi a waken suya, sai dai jiki ba ya zuƙarsa kamar na nama. Matsa lemon tsami a kan abincin, ko ba yaro gwaiba ko lemon zaƙi bayan ci, yana taimakawa. Shayi a kan abinci kuwa hana zuƙar yake yi, a jinkirta shi awa ɗaya. Jariri kuma har wata shida nonon uwa kaɗai, babu wani abin waken suya da ke maye gurbinsa.

Idan aka ajiye Nutrela gefen awara, kowanne da inda ya fi. Awara ta fi taushi, tana da mai, yara sun fi sonta, kuma mudu ɗaya na wake yana ba da mai yawa. Sai dai tana cin lokaci: jiƙo, kai markaɗe, tacewa, itace ko gas na tafasa madarar, ruwan tsami, ɗaurewa a matse, sannan in babu firji ba ta kwana biyu. Nutrela a wajen rabin awa ya shiga miya, kuma a bushe yana watanni ba ya bukatar wuta. Ga ma'aikaciya da ɗalibi da gidan da wutar lantarki ba ta zama, wannan ya isa dalilin ajiye kwali ɗaya. Ga gida mai yara shida da ke lissafin kowace naira, mudun wake ya fi, a bar Nutrela sau biyu ko uku a mako don sauyin baki.

Da an buɗe ledar a juye shi a roba mai murfi, domin da damina yana jan danshi ya yi fumfuna, ƙwari ma suna shigarsa kamar yadda suke shiga wake. A duba ranar ƙarewar wa'adi kafin a biya, kayan da suka yi doguwar tafiya kan jima a kanta. Wanda aka riga aka jiƙa hukuncin nama ne a kansa: a dafa shi a ranar, ko a sa a firji kada ya wuce kwana biyu, in kuma ya fara tsami ko yauƙi a zubar.