Hodar natamycin a kwalbar tsima kabeji: abin da na gani

Ina tsima kabeji da karas da kokwamba a ruwan gishiri, kuma babbar matsalata ita ce farar yanar da ke kwanciya a saman ruwan da zarar an shiga zafi. Saboda ita na sayi hodar natamycin, wani sinadarin hana abinci lalacewa. Ta yi mini aikin da na saye ta dominsa, amma akwai sharuɗɗan da ya kamata mutum ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa.

Ita wannan yana yis ne na daji, irin su Pichia da Candida, masu son iska. Wasu na cewa a kwashe ta da cokali kawai, ba ta da illa. Ban yarda a raina ta haka ba. Yis ɗin yana cinye tsamin da bakteriya masu amfani suka sha wahalar samarwa, kuma tsamin nan shi ne garkuwar abin da ke cikin kwalbar. Muddin ma'aunin tsami na pH yana ƙasa da 4.6, wato akwai isasshen tsami, ƙwayar Clostridium botulinum mai sa guba a abinci ba ta samun damar tsiro. Idan tsami ya ja baya, kabeji ya yi laushi, wari ya canza, funfuna ta samu ƙofa.

Abin da ya ja ni ga natamycin shi ne yadda take zaɓen abokin gaba. Wata ƙwayar halitta mai suna Streptomyces natalensis ce ke samar da ita, wadda aka gano a 1955 cikin ƙasar yankin Natal a Afirka ta Kudu. Natamycin tana kama wani sinadari, ergosterol, da ke jikin yis da funfuna. Bakteriya ba su da shi, don haka ba ta taɓa su. A kwalbata haka na gani: kumfa ta tashi a kwanakin farko kamar kullum, ruwan ya yi duhu-duhu, tsami ya shiga, saman kuwa ya zauna fes. Ɗanɗano bai canza ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai faranta mini rai. A baya na gwada ƙara tafarnuwa da ƙwayar mastad. Suna rage yanar, amma sai su mamaye ɗanɗanon kabejin.

Mai sayarwa ya haɗa mini da shawarar nisin, wata hodar hana abinci lalacewa, tunda ita ma daga halitta take, kuma hukumomin abinci da lafiya na duniya, FAO da WHO, sun amince da ita tun 1969. Na ƙi, kuma ina jan kunnen duk wanda zai fara tsimi. Nisin bakteriya take kashewa, ciki har da da yawa daga masu samar da tsamin, yis kuwa ba ruwanta da shi. Zuba ta a ranar farko tamkar korar mai gadi ne a bar ɓarawo.

Sai inda hodar ta gajiyar da ni. Ba ta narkewa sosai a ruwa. Sai na dama ta a ɗan ruwa, na girgiza, na fesa a saman da gefen kwalbar, ko da haka tana kwantawa idan aka bar ta. Abin da ake buƙata kaɗan ne ƙwarai, cokali ba zai auna shi ba, dole sai da sikeli mai auna miligiram, kuma takardar da ta zo da ita cuku kawai ta yi wa bayani. Hasken rana yana lalata ta, tsami mai yawa ma yana rage mata ƙarfi. Na lura da hakan a kwalbar da ta daɗe a waje: yanar ta fara dawowa daga gefe, siririya. Rabin hodar da na saya kuma sukarin madara ne da aka gauraya, don haka wanda jikinsa ba ya karɓar madara ya duba rubutun jikin gwangwanin.

Akwai batun doka. A Tarayyar Turai lambarta E235, kuma a jikin cuku da busasshen tsiran-alade aka yarda a shafa ta. Wanda yake tsimi don sayarwa ya fara tambayar hukumar abinci ta ƙasarsa ko an halatta ta a kayan lambu.

Duk da hodar, ban rage gishiri ba: giram 20 zuwa 25 a kowane kilo na kabeji, a danne shi ya nutse ƙarƙashin ruwa, a rufe da murfin da ke fitar da iska ba ya shigar da ita. Wanda yake da wuri mai sanyi kuma yana kiyaye waɗannan, ba ya buƙatar sayenta. Wanda zafi ke ɓata wa manyan mazubai kafin su kai firji, ina ba shi shawarar ya gwada ta, ya sayi ƙaramin gwangwani da sikelin tare.