Ƙanƙara ko firji a sararin samaniya

Mai sayar da ruwan sanyi a kasuwar Maraɗi ya san zaɓin nan: ko ƙanƙara, ko firji. Na'urorin hangen taurari da ake harbawa sararin samaniya ma haka suke, domin wasunsu sai da tsananin sanyi suke aiki. Ɗaya daga cikinsu, Herschel, ta tashi a 2009 da ruwan hiliyom mai tsananin sanyi sama da lita 2,300, shi ne ƙanƙararta. Shiru yake sanyayawa, amma da ya ƙare a 2013, aikinta ya tsaya cak.

Na'urar James Webb kuwa injin sanyi ta ɗauka don kyamararta mai suna MIRI, kuma shi ya fi kwanta mini a rai, tunda ba ya ƙarewa kamar ƙanƙara. Aibinsa karkarwa, mai ɓata hoto. Shi ya sa aka sa masa fistin biyu suna bugawa gaba da gaba, motsin wannan ya kashe na wancan. Tayar da shi ma sai haƙuri: an harba James Webb a Disamban 2021, sai Afrilun 2022 kyamararta MIRI ta sauka digiri 266 ƙasa da sifili.