Na'urar tausar wuya da na saya: kwana uku ta hana ni hawa keke ana tsakiyar ɗinkin salla

Duk mai duba tallan kaya a WhatsApp a garin nan na Bauchi ya san na'urar da nake nufi, wadda ake ratayawa a wuya kamar gyale, a zura hannuwa cikin madaukai biyu, wasu ƙwallaye a ciki su riƙa juyawa suna murza nama, da jar fitila mai ɗumi. Kuɗinta kun sani, masu kawo ta ma kun san su. Ni tela ne, shagona na wajen Wunti, shekara 19 ke nan ina kan keke, kuma ciwon dokin wuya ba baƙo ba ne a layinmu. Daga tsakiyar Sha'aban har daren salla kanmu a sunkuye yake kan allura. Man zafi na shafa har na gaji, ƙaho ma an taɓa yi mini. Shi ya sa da na ga bidiyon na'urar ban tsaya ciniki mai tsawo ba.

Daren goma sha bakwai ga azumi, bayan asham na koma shago sai wajen ƙarfe biyu na dawo gida, wuya kamar an ɗora mini buhun masara. Na kunna ta a mataki na ƙarshe, na ja madaukan da ƙarfi yadda ƙwallayen suka hau daidai ƙasan ƙeya, wurin da ya fi damuna. Haka na gani a bidiyon mai sayarwa, haka na yi. Tana kashe kanta bayan ɗan lokaci, ni kuma ina sake kunnawa, har sau uku. A lokacin daɗi na ji, gaskiya.

Da aka tashe ni sahur na kasa ɗaga kai daga matashi sai da na tallafe shi da hannu. A sallar asuba da liman ya yi sallama, wuyana ya ƙi juyawa dama, sai da na karkata da jikina gaba ɗaya. Ga wani ciwon kai da ya taso daga ƙeya, ya bi ta tsakar ka a ɓarin dama, ya tsaya a bayan ido. Uwargida ta tsorata ƙwarai, don lokacin zafi ne, kuma a nan duk wanda wuyansa ya sanƙare a bazara sanƙarau ake fara tunani. Ita ta matsa muka tafi asibiti da safe. Likita ya auna, babu zazzaɓi, babu amai, ya lanƙwasa wuyan ya duba, ya ce tsoka ce, ya tura ni sashen gashin ƙashi.

Wani matashi na samu a wurin, Allah ya saka masa da alheri. Da ya ji abin da na yi bai yi mini faɗa ba, sai ya ce, “Malam, zauna in nuna maka abin da ka murza.” Ya ɗauko hoton jikin mutum. Ni duk zatona dunƙulen nama ɗaya ne a bayan wuya, ashe hawa-hawa ne, kamar babbar riga da shafinta. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, kai kuma nauyinsa ya kai wajen kilo 5, kuma tsokokin baya ne ke riƙe da shi kada ya rinjaya gaba. Da zarar ka sunkuya kan keke, ja suke yi babu hutu har ka ɗago.

Ta sama, mai faɗi, ita ce suke kira tirafiziyas. Daga ƙeya ta faro, ta bazu zuwa kafaɗu biyu, ta gangara har wajen tsakiyar baya, ita ke ɗaga kafaɗa da daidaita allonta. Ƙarƙashinta akwai wasu da suka naɗe wuya a karkace kamar bandeji, suna taimakawa wajen juya kai zuwa ɓarin da suke. Akwai kuma wata siririya da ta taso daga ƙasusuwan wuya huɗu na sama ta sauka kan kusurwar allon kafaɗa. Da ya danna wurin da ta maƙale sai da na zabura, don nan ne nake jin ƙulli shekara da shekaru. Can ciki kuwa, daidai gindin ƙoƙon kai, akwai wasu ƙanana guda huɗu a kowane ɓari, tsakanin ƙoƙon kai da ƙashi na farko da na biyu. Ya ce kusan rabin juyawar da kai ke yi dama da hagu tsakanin waɗannan ƙasusuwa biyu ake yin ta. Wata jijiya kuma daga nan ta fito, ta huda tsokokin ta hau fatar kai, shi ya sa in wurin ya fusata ciwon ke bin ƙeya ya hau sama. To kan wannan ɗan lungu na sa inji ya yi ta niƙa kusan minti arba'in da biyar, ina ƙara ja da hannu.

Na fito ina cewa ko kyauta kada wanda ya karɓi na'urar nan. Amma da na koma gashi na biyu na tafi da ita, ya jujjuya ta ya ce shi bai ga laifinta ba in an san inda za a ɗora. A kan tudun naman kafaɗa, inda tsoka ke da kauri, a ƙaramin mataki, minti goma, da riga a tsakani, ba tare da ja ba. Ban da kan ƙashi, ban da gindin ƙeya, ban da gefen wuya da gaba inda manyan hanyoyin jini ke bi zuwa kai. Bayan salla da mako biyu na gwada haka, kuma in faɗi gaskiya tsakanina da Allah ta yi mini amfani. Ɗumin nan yana sassauta kafaɗa, barci ya zo da sauƙi. Har na fara cewa a raina ƙila na zalunce ta.

Sai dai duk sanda na tuna kwana ukun nan raina ɓaci yake yi. Kwana uku a goman tsakiya ga tela ba ƙaramar asara ba ce. Yarana biyu suka yi iya yinsu, amma aikin wuyan riga da aljihu ni ke yi da hannuna. Wani mutum da nake wa ɗinki tun kafin ya yi aure ya zo ya kwashe shaddarsa, kala uku, bai ko tsaya jin dalili ba, kuma har yau bai dawo ba. Duk wannan da an sa takarda mai bayani da ba a yi ba. Wadda ke cikin kwalin rubutun Sin ne da wani Turanci ƙanana da ko da tabarau ba ya karantuwa. Na kira wanda ya sayar mini, ba don ya maido kuɗi ba, don ya riƙa gargaɗin mutane kawai, sai ya ce, “Alhaji, kowa yabawa yake yi, kai kaɗai ka kawo ƙorafi.” Wannan magana ta fi ciwon wuyan yi mini zafi. Batir ɗin ma da ya rantse zai yi mako, yanzu sau biyu in na kunna sai caji, ga wutar unguwarmu yadda take. Ɗinkin madauki ɗaya ya fara warwarewa tun wata na biyu, ni na mayar da shi da kaina, kuma zaren da suka sa ko a ɗinkin ɗan kanti ba zan yarda da shi ba.

Abin da ya rage mini ciwon na asali ma ba ita ba ce. Matashin nan ne ya sa na ɗaga teburin keke da katako, na ƙara fitila kusa da allura don in daina kai fuska ƙasa, ya koya mini jan haɓa baya a hankali ina zaune, da miƙewa in taka duk bayan rabin awa. Waɗannan ko sisi ban kashe ba in ban da kuɗin kafinta.

Na'urar tana nan, ina sa ta a kafaɗa sau biyu ko uku a mako, amma na hana uwargida da mahaifiyata taɓa ta in ba na kusa. Shi kuwa mai sayarwa, shekaranjiya na sake ganin bidiyon a shafinsa, ƙwallayen na kan ƙeyar mutum daidai inda na ɗora. Na sake tura masa saƙo ya cire, ya karanta bai ba ni amsa ba.