Sharhi kan sayen keken ɗinki ta intanet zuwa tsibirin Jersey

Wannan sharhi ya shafi wani matsakaicin kantin kayan ɗinki da ke Ingila, wanda na sayi keken ɗinki na lantarki daga shafinsa na intanet, aka kawo mini shi St Helier, babban birnin tsibirin Jersey, inda nake zaune. Keken kansa ba shi da abin kushewa: yana cin shadda mai kauri ba tare da zare ya tsinke ba, kuma ya iso cikin kwali mai ƙarfi, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Abin da ya cancanci dogon bayani shi ne harajin da ya biyo bayan cinikin, domin a nan ne ake gane kantin da ya san tsibirin da wanda bai san shi ba.

Jersey tana kusa da gaɓar Normandy ta Faransa, tana ƙarƙashin masarautar Birtaniya, amma tana da majalisarta da dokokin harajinta. Saboda haka harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kaya a Birtaniya bai hau kan mazauna tsibirin ba. Abin da ake biya a nan shi ne harajin kaya da ayyuka da ake kira GST, wanda aka fara karɓa a shekarar 2008 a kan kashi 3 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 5 a 2011. A ƙa'ida ke nan, wanda ya yi odar kaya daga Ingila ya kamata a cire masa kashi 20 ɗin can, ya biya kashi 5 na nan, ya fita da riba. Sai dai babu dokar da ta tilasta wa mai kanti ya rage farashin. Dama ce aka ba shi, in ya ga dama ya yi amfani da ita.

An rubuta kuɗin keken fam 300 a shafin, wato fam 250 ne ainihin farashinsa, sauran fam 50 kuma VAT ne, sannan kuɗin dako fam 30. Da na shigar da adireshina, jimillar ba ta motsa ba. Dalilin sananne ne ga duk wanda ya daɗe a tsibirin: lambar adireshinmu ta gidan waya, wadda take farawa da JE, tsarinta ɗaya da na Birtaniya, don haka manhajar kantuna da yawa takan ɗauke mu tamkar wani gari a cikin Ingila. Na rubuta musu kafin in biya, suka amsa cikin ladabi cewa shafinsu ba ya iya cire harajin da kansa, amma za su mayar mini da fam 50 ɗin da zarar sun sami shaidar cewa kayan ya sauka a Jersey. Na amince da hakan saboda a rubuce suka yi alkawarin.

Wannan tsari nasu yana da wani lahani da ba su ambata ba. Ana lissafa GST ne a kan jimillar abin da mai saye ya biya, har da kuɗin dako da duk harajin da ba a cire ba. Rasit ɗin da ya biyo kwalin fam 330 ya nuna, don haka na biya fam 16 da rabi, maimakon fam 14 da zan biya da an rubuta fam 280 tun farko. Bambancin bai taka kara ya karya ba, amma haraji ne a kan haraji, kuma da kayan ya kai na dubban fam da abin ya yi ciwo. Wanda kantinsa ya ƙi cire VAT gaba ɗaya kuwa, keken da ya kamata ya tsaya masa a fam 294 zai kai shi fam 346 da ɗoriya.

Ɓangaren kwastam ya zo mini da sauƙi fiye da yadda na zata. Da kwalin ya iso, aka aiko mini da saƙo ɗauke da lambar kayan, aka ce an riƙe shi sai an biya haraji. Hukumar kwastam ta tsibirin tana da shafin intanet mai suna CAESAR, inda mutum yake buɗe asusu, ya shigar da lambar, ya bayyana irin kayan da kuɗinsa, ya biya da katin banki. Babu layi, babu ɗan tsakiya, babu wanda ya nemi na goro. Kalmomin da ke shafin na 'yan fito ne, kuma wanda bai saba ba zai ɗan yi dube-dube kafin ya gane inda zai danna, amma bayan na biya ba a daɗe ba aka saki kayan, mai rabo ya kawo har ƙofar gida.

Ya kamata mai saye ya san cewa ƙofar rangwame tana ta ƙuntata. A da, kayan da bai wuce fam 240 ba yakan shigo ba tare da GST ba. A 2020 aka sauko da iyakar zuwa fam 135, a watan Yulin 2023 kuma aka mayar da ita fam 60. A wannan lokacin ne aka wajabta wa manyan kantunan intanet na waje, waɗanda cinikinsu da mutanen Jersey ya haura fam 300,000 a shekara, su yi rajista su riƙa karɓar harajin tun wajen biya. Hujjar gwamnati ita ce kantunan cikin gari suna ɗora GST a kan komai, ba adalci ba ne abokan gasarsu na waje su tsira. Ina ganin hujjar tana da ƙarfi, ko da yake aljihuna bai ji daɗinta ba. A aikace, kayan manyan kantuna yanzu sukan wuce kai tsaye, na ƙanana da matsakaita irin wannan su ne ake tsarewa.

Batun mayar da kuɗin shi ne inda kantin ya gaza. Na aika musu da shaidar biyan GST da ta karɓar kaya kamar yadda suka nema, sai aka yi ta miƙa ni daga sashen ciniki zuwa sashen kuɗi, kowane ma'aikaci yana tambayata bayanin da na riga na bayar. Ɗaya daga cikinsu ma ya rubuto cewa Jersey ai cikin Birtaniya take, sai da na tura masa saƙon farko na abokin aikinsa kafin ya sauko. Kuɗin sun shigo asusuna cif-cif daga baya, bayan makonni da tuni ba iyaka.

Zan iya sake sayen allurai, zare da sauran ƙananan kayan da ba su kai fam 60 ba a wurinsu, domin kayansu na da kyau kuma suna ɗaure kwali da kula. Babban kaya kuwa, sai dai kantin da shafinsa yake cire VAT nan take idan an shigar da adireshin Jersey, ya kuma rubuta farashin da aka rage a kan rasit ɗin da zai biyo kayan.