Aga da aljinet: wanne za a sa a jel ɗin gashi, wanne a abin rufe fuska?

Wata 'yar'uwa mai haɗa kayan kwalliya ta ce ta ga garin aga da garin aljinet, an gaya mata duk daga ciyawar teku ake samo su, shin za ta iya sa ɗaya a madadin ɗaya?

Hajiya, ba sa maye gurbin juna, domin abin da ke daskarar da su ba ɗaya ba ne. Aga sai an tafasa shi ya huce. Aljinet kuwa ba ruwansa da wuta, kalsiyam ne ke kama shi.

Aga daga jar ciyawar teku yake, irin su Gelidium da Gracilaria. Ba ya narkewa sai ruwa ya kusa tafasa, yana daskarewa idan ya sauko wajen digiri 35 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, sannan ba zai sake narkewa ba sai ya kai wajen 85. Shi ya sa zafin bazara ba ya yi masa komai, kuma shi ya sa ɗakunan gwaje-gwaje ke renon ƙwayoyin cuta a kansa, gram 1.5 cikin ruwa mililita 100. Amma daskarewarsa mai gautsi ce: idan aka murza sai ya farfashe, ya bar ɓurɓushi a gashi, kuma yana tsatso ruwa idan ya kwana biyu. Idan aka tafasa shi da lemon tsami ƙarfinsa ya tafi. Ba mu ba da shawarar sa shi a jel ɗin gashi ba.

Aljinet daga ciyawa mai ruwan ƙasa yake, irin su Laminaria da Macrocystis. Idan babu kalsiyam, kauri da santsi kawai yake ba ruwa, wanda shi ake so a gashi. A gram 100 na haɗi, ki fara da gram 1.5 na sodiyam aljinet, ki kwaɓa shi da gilisarin gram 5 tukuna, sannan ki zuba ruwa kina kaɗawa, ki bar shi wasu sa'o'i kumfar ta kwanta. Idan aka zuba garin kai tsaye cikin ruwa, bayan kowane gudaji zai jiƙe ya toshe cikinsa. Matsalar da aka fi yawan samu ita ce ruwan rijiya ko na burtsatse, irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a ciki: kalsiyam ɗinsa zai sa haɗin ya yi gudaji-gudaji. Ki nemi ruwan da aka tace ta tururi. Tsami mai yawa ma yana sa shi ya tsinke.

Abin rufe fuskar da ake ɓarewa kamar roba aljinet ne da kalsiyam salfet da sinadarin da ke jinkirta kamawa. Yawanci, a nauyi, awo ɗaya na gari ne da uku na ruwa. Ruwan ya zama mai sanyi, don ɗumi na sa shi kamawa kafin a gama shafawa. A shafa da kauri, a kauce wa gira.

Wannan halin na aljinet ne likitoci ke amfani da shi. Gaviscon, maganin ƙwannafi, na ɗauke da aljinet da bakin soda da kalsiyam kabonet. Idan suka tarar da tsamin ciki sai su zama kumfa mai kauri da ke yawo a saman abinci, ta tare ƙwannafi. Bandejin kalsiyam aljinet na shanye ruwan gyambo mai tsatsa, amma a busasshen ciwo mannewa yake yi. Likitan haƙori ma da shi yake ɗaukar siffar baki.

Duk haɗin da ruwa ya yi yawa a cikinsa zai yi fumfuna cikin kwanaki idan babu maganin adanawa; fenoksi'etanol, ɗaya daga cikin magungunan adanawa, kada ya wuce kashi 1 cikin 100. Sannan ɗanyen garin ciyawar teku ta kelf da ake tallarsa don sha daban yake da waɗannan tatattun garin: aidin ɗinsa na da yawa ƙwarai, mai maƙoƙo ko mai juna biyu kada ta sha sai da izinin likita.