HAWAII-2RG ko SAPHIRA: wace ce ta fi gyara rawar taurari?

Wanda ya taɓa zama bakin kogin Isa a Yamai da dare ya ga yadda taurari ke kyarma. Iskar sama ce ke karkatar da haskensu. Manyan na'urorin hangen sama suna gyara wannan da madubi mai lanƙwasa kansa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, amma sai da ido mai saurin ganin haske. HAWAII-2RG da SAPHIRA idanun lantarki ne masu ganin hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani.

HAWAII-2RG ta kamfanin Teledyne a Amurka faɗi gare ta: ɗigon hoto 2048 sau 2048, ita ce ma cikin James Webb, na'urar hangen sama da ke sararin samaniya. Matsalarta, in aka matsa mata ta yi sauri, hayaniyar lantarki sai ta binne tauraro mai dushi-dushi.

SAPHIRA, ƙirar Leonardo a Ingila, ƙarama ce, 320 sau 256 kacal. Sai dai kowane ɗigo yana ninka lantarkin da haske ya tayar tun kafin a karanta shi, har hayaniyar ta sauka ƙasa da elektiron ɗaya. Da ita GRAVITY, na'urar da ke haɗa hasken na'urorin hangen sama huɗu, ke aiki a Paranal, ƙasar Chile.

Don ɗaukar hoton fili mai faɗi, ba na jayayya da ta farko. Don tuƙa madubin kuwa, SAPHIRA zan zaɓa.