Duba Alamu ko Bin Asali: Wanne Ya Kamata a Koya wa Ɗalibai?

Malama, kin ce darussa huɗu kacal aka ware miki a wannan zango don ki koya wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare yadda za su tantance labaran ƙarya da abubuwan da ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa, kuma kina tambaya ko ki koya musu alamun da ke tona asirin hoton bogi, ko kuwa ki koya musu bin diddigin inda labari ya fito. Duka hanyoyin biyu suna da amfani, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

A hanya ta farko, ɗalibi yana tsayawa ne a kan abin da aka turo masa ya ƙura masa ido: ya ƙirga yatsu, ya duba ko rubutun da ke jikin allo ya cakuɗe, ya lura ko leɓe yana tafiya daidai da murya. Ba ta cin data, waya ɗaya ta isa aji guda, kuma yara suna jin daɗinta. Hoton Fafaroma Francis sanye da farar rigar sanyi, wanda aka haɗa da manhajar Midjourney a watan Maris na 2023, misali ne mai kyau, domin wanda ya duba hannunsa da kyau zai ga yatsun ba su zauna daidai ba.

Matsalarta ita ce alamun suna tsufa da sauri, domin duk kuskuren da kika koya musu bana, masu ƙera manhajojin suna aikin gyara shi kafin baɗi. Abin da ya fi damuna ma shi ne ɗalibin da aka horar a haka yakan ɗauka cewa duk abin da bai ga aibu a jikinsa ba gaskiya ne, alhali ƙaryar da ta fi cutar da mu ba ta da wata alama. Saƙon da ya bazu a 2014 cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na maganin cutar Ebola zance ne kawai, amma ya kai mutane asibiti, har aka rasa rayuka. Bayan kashe-kashen Jihar Filato a watan Yuni na 2018, binciken BBC ya nuna cewa wani hoton bidiyo da aka yaɗa a Facebook na gaske ne, sai dai a Kongo aka ɗauke shi shekaru kafin rikicin. Ko kwana mutum ya yi yana ƙirga yatsu a wannan hoto ba zai gano komai ba. Manhajojin da ake cewa suna gane rubutun na'ura su ma ba abin dogaro ba ne: kamfanin OpenAI ya fitar da tasa a watan Janairu na 2023, ya janye ta a watan Yuli saboda yawan kuskurenta.

A hanya ta biyu kuwa, ɗalibi yana barin abin da aka turo masa ya tafi neman labarinsa a wani wuri. Wa ya fara wallafa shi, yaushe, kuma me wasu majiyoyi masu zaman kansu suka ce a kai? A 2017 Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford a Amurka sun gwada malaman tarihi da ɗaliban jami'a da ƙwararrun masu tantance labarai, suka ga cewa ƙwararrun sun fi sauran sauri da dacewa, saboda ba sa daɗewa a kan shafi. Nan take suke buɗe wasu shafuka su binciki mai shafin. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga yawancin ɗalibanki, domin duk wanda ya yi Islamiyya ya ji cewa malaman hadisi ba sa wadatuwa da daɗin matani sai sun duba isnadi, sun san wanda ya karɓo daga wa da kuma amanar kowane mai ruwaya. Idan kika fara daga nan, za su kama manufar tun a darasin farko. Sauran aikin na hannu ne: sanya hoto a manhajojin binciken hoto irin su Google Lens ko TinEye a ga ranar da ya fara fitowa, da leƙa shafukan tantance labarai irin su Dubawa ko Africa Check a ga ko sun riga sun bincika.

Hanya ta biyu ce kaɗai kuma ke aiki a kan amsoshin ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi, da ire-irensa, domin rubutunsu yana fitowa sumul ko da abin da ke ciki ƙirƙira ne. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙiro, da sunaye da lambobi kamar na gaske. Abin da ya fallasa su shi ne an nemi shari'o'in a kundi ba a same su ba.

Ba zan ɓoye miki rauninta ba. Tana buƙatar data da lokaci, kuma saƙon murya na WhatsApp da aka yi ta turawa yana da wuyar bin sawu. Akwai kuma haɗarin ɗalibi ya koma ƙaryata komai, har da labarin gaskiya da bai yi masa daɗi ba. Saboda haka ki koya musu cewa hukunci iri uku ne: an tabbatar, an ƙaryata, ko ba a tabbatar ba tukuna, wanda shi kuma ba a turawa gaba.

Da ni ce, darasi ɗaya zan ba alamu, tare da faɗa musu a fili cewa rashin alama ba shaida ba ce, sauran ukun in ba bin asali. A darasin ƙarshe ki sa su tambayi ChatGPT littattafai biyar kan tarihin Kano da sunayen marubutansu, sannan su nemi kowanne a ɗakin karatu ko a intanet, kowane rukuni ya bayyana wa aji wanda ya samu, da wanda bai samu ba, da kuma inda ya duba.